Shari'ar Dover: Juyin Halitta da Ajin Kimiyya a Amurka

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna jina? Madalla. Abubuwa huɗu zan taɓa, mu fara da tarihi a gurguje.

A 1925 jihar Tenesi ta hana koyar da juyin halitta, wato ka'idar Darwin cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali daga kakanni ɗaya, a makarantun gwamnati, har aka ci wani malami, John Scopes, tarar dala 100. A 1968 Kotun Ƙoli ta soke irin wannan doka a jihar Akansas. Sai Luwiziyana ta ce to a koyar da biyun tare, juyin halitta da labarin halitta na Baibul da aka laƙaba wa sunan kimiyya. A 1987 kotu ta ce wannan ma ba zai yiwu ba, domin tsarin mulkinsu ya hana gwamnati ɗora wa jama'a wani addini. Ku riƙe 1987 ɗin nan, za mu dawo mata.

Na biyu, Dover, wani ɗan gari a jihar Fensilbaniya. A Oktoban 2004 hukumar makarantun garin, da ƙuri'a 6 da 3, ta buɗe wa wata ka'ida ƙofa, wai ita tsarin mai basira: halittu sun cika sarƙaƙiya, dole akwai wanda ya tsara su, amma ba za a faɗi ko wane ne ba. Aka rubuta sanarwar da za a karanta wa 'yan aji tara, cewa ka'idar Darwin tana da giɓi, su je su duba wani littafi mai suna Of Pandas and People. Malaman kimiyya suka ce su kam ba za su karanta ba. Iyaye 11 suka kai ƙara.

To nan nake so ku natsu, nan ne gishirin zancen. Kotu ta sa aka kawo tsofaffin rubuce-rubucen littafin, na kafin a buga shi a 1989. Wata malamar jami'a, Barbara Forrest, ta bi su shafi bayan shafi. Na kafin hukuncin 1987 cike suke da kalmar halittar Mahalicci. Na bayan hukuncin fa? Jimlolin suna nan daram, ma'anar da aka bayar tana nan, kalmar kawai aka ɗauke aka sa tsarin mai basira. An sake wa tuwo suna ke nan. A wani wuri ma mai gyaran bai goge da kyau ba, ya bar harafin farko da wutsiyar tsohuwar kalma, ya cusa sabuwar a tsakiya. Ka ga kalma mai kai biyu! Eh, ku yi dariya, amma wannan ita ta karya su. Sai batun kuɗi. Wasu 'yan hukumar sun rantse ba su san inda kuɗin sayen littattafan da aka kai makarantar suka fito ba, sai ga cakin dala 850 da ɗayansu ya tara a cocinsu. Wannan yana ci mini rai, jama'a. Mai imani bai kamata ya ɓoye imaninsa a rigar wani ba, balle ya kare shi da ƙarya bayan ya yi rantsuwa.

Alƙalin, John Jones, mai zuwa coci ne, kuma Shugaba Bush ƙarami ne ya naɗa shi. Ranar 20 ga Disamba 2005 ya fitar da hukunci mai shafi 139. Bai ce babu Mahalicci ba, ku ji ni da kyau, bai ce ba. Cewa ya yi kotu ba ta da ta cewa a kan wannan, amma abin da ba a iya gwadawa ba kimiyya ba ne. Hukumar ta biya dala miliyan 1 kuɗin shari'a.

Na uku... lokaci ya tafi? To, hujja ɗaya tak ta juyin halitta. Mutum yana da kuromosom, wato ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, tagwaye 23, manyan birrai 24. An duba na biyu a jikin mutum, aka tarar guda biyu ne suka haɗe, alamar da ake gani a ƙarshen kuromosom tana zaune a tsakiyarsa. Kenneth Miller, masanin ilimin halittu kuma ɗan Katolika, shi ya nuna wa kotu haka.

Na'am, Malama, ga makirufo. Tana tambaya, mu da muke nan me ya haɗa mu da wannan? Sikila ta haɗa mu, Malama. Mai AS yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar gadon sikilar ta yaɗu a inda sauro ya yi yawa, Anthony Allison ya nuna haka a 1954. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS. Kowane ciki na ce, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Haka kulorokwin, ƙwayar cutar da ta jure masa ita ta rayu ta hayayyafa, dole aka koma wasu magunguna. Ɗalibar da za ta zama nas tana bukatar wannan darasi a ajin kimiyya, malamin addininta kuma yana nan da nasa ajin. Akwai wata tambayar? Na huɗun sai zama na gaba.