Ruwan sama ya jiƙa cikin motarka? Ɗaga kafet kafin fumfuna ta riga ka

Assalamu alaikum jama'a, 'yan uwa na Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Accra da duk inda kuke kallonmu. Wannan Vitz ɗin da kuke gani ta wani ƙanina ce, haya yake yi da ita, shekaranjiya ya dawo aiki a gajiye ya faka ta ƙofar gida ya manta gilashin baya a buɗe, ba ma duka ba, kamar faɗin yatsa huɗu, sai ruwan nan na tsakar dare ya sauko bai ɗauke ba sai bayan asuba. Da safe ya sa tawul ya goge kujera, ya fesa turare, ya ce ai shikenan. Yau fasinjar farko da ya ɗauka a Circle, suna tafiya ta tambaye shi wai ko jiƙaƙƙun kaya ya manta a but, shi ne ya kawo min ita yana ɓata rai.

Toh ku kalli nan. Na ɗora tafin hannuna kan kafet, a bushe yake, kowa ya taɓa zai rantse babu ruwa. Yanzu bari in shimfiɗa tsohuwar jarida in danna da gwiwa. Kun gani? Ta jiƙe sharkaf. Abin da ke yaudarar mutane kenan, don kafet ɗin mota ba shi kaɗai ba ne, ƙarƙashinsa akwai wani soso mai kauri kamar bargo da aka sa don rage ƙarar titi da zafi, shi ne ke shanye ruwa, kuma bayan kafet ɗin a motoci da yawa akwai wani abu kamar roba, wato ruwan da ya gangara ƙasa ba shi da hanyar fitowa sama ya bushe, zama zai yi tsakanin soso da ƙarfen mota sati da satittika kana ta fesa turare a sama.

Kuma lokaci ba ya jiranka. Fumfuna tana iya fara tsirowa cikin awa 24 zuwa 48 a wuri mai danshi da ɗumi, mu kuwa a Accra watan Yuni shi ne tsakiyar damina, iskar kanta a jiƙe take, da safe danshin iska yakan wuce kashi 80 cikin 100, rigar da ka shanya a igiya ma sai ta wuni ba ta bushe ba balle soson da ke rufe. Da hunturu ne da sai in ce buɗe ƙofa ka tafi sabgarka. A damina sai ka tashi tsaye.

Kafin in taɓa komai akwai tambaya ɗaya, wane irin ruwa ne ya shiga? In na sama ne ta gilashi kamar wannan, da sauƙi. In kuwa ambaliya ce, ka shiga ruwa a Kaneshie ko Alajo ko inda kogin Odaw ya yi amai, wannan wata magana ce daban. Duk wanda ya ga ambaliyar daren 3 ga Yuni 2015 a Circle ya san ruwan garin nan ba abin wasa ba ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. In ruwa ya kai bakin bonet ko motar ta mutu a cikinsa, don Allah kar ka murza makulli ka ce bari in gwada, injin yana matse iska ne, ruwa kuwa ba ya matsuwa, in ya shiga silinda sai ya lanƙwasa ƙarfen ciki, abin da fita, wato makanike, zai gyara da ɗan kuɗi ya koma sayen inji. A jawo ta kawai. Kuma ruwan ambaliya ruwan kwata ne, da duk abin da ka san yana cikin kwata, soson da ya sha shi ni dai shawarata a cire a yar, a sa sabo.

Toh mu koma kan tamu. Abu na farko na cire kan batir, baƙin, na nagetif, saboda ƙarƙashin kujeru akwai wayoyi da soket, wasu motocin ma har da ƙananan kwamfutoci a kwance a ƙasa. Sai a fitar da duk abin da ke fita, shimfiɗun ƙafa, rigar kujera, dadduman sallah da ke but, takardun mota, komai, a baza a rana. Sannan tawul, amma ba goga ba, dannawa ake yi, ka taka da ƙafa ka matse ka sake. In da washin be, wato wurin wankin mota, kusa da kai mai injin nan da ke zuƙe ruwa, je ka biya su zuƙe maka, minti ashirin nasu ya fi wunin tawul ɗinka. Injin shara na gida dai kar ka sa shi a ruwa, ba don haka aka yi shi ba, ko ya ƙone ko ya ja ka.

Yanzu ga aikin da kowa ke gudu. Wannan robar da ke bakin ƙofa inda ake takawa a shiga, da ƙugiyoyi aka maƙala ta, sa yatsu ka ɗaga a hankali za ka ji tana ɓas ɓas tana fita. Da ta fita sai bakin kafet ya saki, ka ɗaga. Ku kalli abin da ke nan, ruwa kwance kamar a faranti, kuma wannan daga buɗewar yatsa huɗu ne fa. Ku ji warin ma, ah ba za ku ji ba, kun huta. Sosan nan in yana cirewa a cire shi a matse a shanya daban, in a manne yake da kafet sai a tokare shi, ni gorar ruwa da babu komai ciki nake cusawa guda uku huɗu, ko guntun katako, don iska ta samu hanyar bi ta ƙasa. In ruwan ya yi yawa har ƙarƙashin kujera, kujerar ma sai ta fita, yawanci noti huɗu ne, amma in ka ga soket mai launin ɗorawa to na jakar iskar hatsari ce, kar ka taɓa shi sai batir a cire kuma ka jira kamar minti goma, in hannunka bai saba ba kira fita ko mai wayarin, ba abin kunya ba ne.

Sai iska. Mutane suna ɗauka rana ce ke busarwa, a'a, iskar da ke motsi ce ta fi aiki. Wanda ya kulle gilasai ya ajiye mota a rana wai ta bushe, tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, ya ɗora, ruwan zai tashi ya zama tururi ya taru a gilashi da rufi kamar a murfin tukunya, da yamma ya sake komawa cikin kujera, ga ɗumi ga danshi, fumfuna sai ta yi maka godiya. Buɗe ƙofofi huɗu da but, ɗauko fankar tsaye ta ɗaki, kwantar da ita tana hura ƙarƙashin kafet ɗin da ka tokare, in ka samu biyu ɗaya na turawa ta nan ɗaya na fitarwa ta can ya fi. Wuni guda aƙalla, sau da yawa biyu, in masu wuta sun bar ka. Kuma ido na sama, hadari na haɗuwa ka rufe, kar a koma gidan jiya.

Da dare ko in ana ruwa ga dabara. Mayar da batir, tada mota, kunna esi, wato na'urar sanyaya iska, amma ka murza shi zuwa zafi, ka juya iskar zuwa ƙafa, ka danna maɓallin da ke sa iskar ciki ta riƙa zagayawa. Esi yana tsotse danshi daga iska, shi ne ruwan da kake gani yana ɗiga ƙarƙashin mota in an faka, zafin kuma yana tayar da ruwan da ke cikin soso, su biyun in sun haɗu aiki suke yi sosai. Rabin awa ya isa a zama ɗaya. A fili za ka yi, ba cikin gareji a rufe ba, hayaƙin salansa yana kisa shiru ba ka ma ji warinsa ba, kuma kar a bar yaro a ciki.

In kuwa ka makara har ka fara ganin fari-fari ko kore-kore kamar gari a kan kujera ko sitiyari ko bel, sa takunkumi da safar hannu tukuna, mai asma kuma ya matsa nesa. Binega fara ta girki, wadda ake sayarwa a shago, zuba a gorar fesawa, a yadi za ka iya sirka ta da ruwa rabi da rabi, gwada a lungun da ba a gani don wani yadin yana sakin launi, sai ka fesa ka bar ta kamar minti goma sha biyar, ka goge da buroshi, ka tsane, ka sake komawa kan fanka. Warin tsaminta zai tafi da kansa. Kujerar fata ba a jiƙa ta, tsumma mai ɗan danshi kawai. Bel kuma ka jawo shi duka har ƙarshe ka maƙale shi ya bushe a waje, mutane suna mantawa da shi ya naɗe da ruwansa, kuma sabulu mara ƙarfi kawai ake sa masa, bilic yana cinye zarensa, ranar da kake buƙatarsa ya ba ka kunya. Sannan ina roƙonku, kar wanda ya haɗa bilic da binega wai don ya fi ƙarfi, iskar guba suke fitarwa, a cikin mota kuwa wuri ne ƙarami.

Maganar wari, bayan komai ya bushe barbaɗa bekin soda a kafet ya kwana a zuƙe da safe, sannan gawayi, na girkin nan da ake sayarwa a kasuwar Nima, zuba a tsohuwar safa ka tura ƙarƙashin kujera. Amma waɗannan 'yan rakiya ne, ba sa busar da lita biyu na ruwa. Shinkafar da wasu ke cewa a zuba, da tsadar nan? Dafa abinka. Filtar esi da ke bayan akwatin gaban fasinja ita ma ciro ta ka shinshina, in tana bashi canza ta, in ba haka ba duk kunna esi warin zai dawo. Ɗaga safayar taya a but ma, ramin nan yana tara ruwa, akwai toshiyar roba a ƙasansa, cire ta ya zube, don da iskar gishirin teku da muke sha a nan tsatsa ba ta ɓata lokaci.

Wani zai ce ni fa gilasaina a rufe suke amma kullum ƙasa a jiƙe. Toh kai wata kafa ce ke yoyo. Duba ƙasan gilashin gaba inda waifa ke kwanciya, ganyen darbejiya da na mangwaro suna toshe magudanar wurin, ruwa ya cika ya malalo ciki. Mai tagar rufi, akwai 'yan bututu a kusurwoyinta da ƙura ke toshewa. Ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan ramuka, in ka girgiza ƙofa ka ji ruwa na kuka ciki sun toshe. In gefen fasinja ne kawai ke jiƙa bayan ka yi tafiya da esi kuma ba ka ga ɗiga a ƙasa ba, bututun esi ne. In ruwan yana da santsi da launi da ɗan ƙamshi mai zaƙi, wannan ba na sama ba ne, ruwan lagireto ne, kai ta wurin fita. Hanyar ganowa, mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya yana zuba ruwa da buta daga ƙasa yana hawa sama sannu sannu. In robar ƙofa ce ta mutu, Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota, za ka samu.

Wannan ta ƙanina yau za ta kwana a tokare. Gobe da asuba zan duba gilasan, in sun yi gumi ta ciki to da sauran ruwa, fanka za ta koma aiki, in sun fito tas sai in sake danna jarida a kan sosan kansa, in ta tashi a bushe sannan mu mayar da kafet. Yana can yana lissafin kuɗin kwana biyu da zai rasa, na ce masa ya je ya aro fankar mamarsa ya ƙara.