Alhazanmu ba jirgi mai bene suke nema ba

Assalamu alaikum, masu sauraronmu.

Kwanakin nan wani bidiyo yana ta yawo a wayoyin matasanmu daga Ringim har Gumel: jirgin sama mai bene, Airbus A380, ga matakala a cikinsa, ga wurin wanka na manyan fasinjoji. Saƙonni sai shigo mana suke, wai me ya hana a kawo mana irinsa? Wai da shi ke jigilar alhazai, da sawu kaɗan an kwashe jiha guda. Maganar nan ta dame ni ƙwarai, domin masu yin ta ba su bi labarin jirgin zuwa ƙarshe ba.

Abin mamaki ne kam, babu musu. Ya fara tashi a 2005, ya fara ɗaukar fasinja a 2007, kuma an amince masa ya ɗauki mutum har 853. To amma a 2019 kamfanin Airbus da bakinsa ya ce zai daina ƙera shi, na ƙarshe ya fita a 2021. Guda 251 kacal aka sayar a duk duniya, kusan rabinsu kuma Emirates na Dubai ne ya saye. Shi ma Boeing 747, wanda iyayenmu suka yi shekara da shekaru suna hawa daga Kano zuwa Jidda, an miƙa na ƙarshensa a 2023.

Me ya jawo? Inji huɗu ne da su, shan mai ba kaɗan ba, kuma kujerar da ta tashi babu kowa asara ce. Sai kamfanoni suka koma ga masu inji biyu irin su Boeing 787 da A350, masu cin dogon zango da mai kaɗan. Masu kuɗin sayen A380 sun yi lissafi sun ja da baya, mu kuma muna nan muna ƙorafin an hana mu. Haba jama'a!

Wani zai ce ai lokacin Hajji cika zai yi. Na yarda. Sauran wata goma fa? Wa zai cika shi daga Dutse? Faɗin fikafikansa kusan mita 80 ne, sai an yi wa filin jirgi aiki na musamman kafin ya karɓe shi. Duk wannan ɗawainiya, a kuɗin kujerar maniyyaci za a fanshe ta.

Ku je sansanin alhazai ku gani da idonku. Dattijo ne ya sayar da shanun nomansa da riɗin bana ya cika kuɗin kujera, ga shi kwance a tabarma ya yi matashi da jaka. Tsofaffi mata suna layin ruwa riƙe da butoci. Lasifika na ta cewa a ƙara haƙuri. Ku tambayi wannan bawan Allah abin da yake so. Bene nawa ne a jirgin bai dame shi ba. Tambayarsa ɗaya ce: yaushe za mu tashi?

Girman jirgi ba ya amsa wannan tambaya, ƙara mata tsawo ma yake yi. Duk wanda ya taɓa zama a babbar bas a tashar Haɗeja yana jiran ta cika ya san abin da nake faɗa. Sai an tantance ɗaruruwan mutane, an auna kayansu, bizar kowa ta fito. Idan kuma inji ya sami matsala, mutum fiye da 500 ne za su kwana a ƙasa lokaci guda. A ina za a samo wani irinsa cikin dare?

Yaushe za mu tashi? A kan wannan ya kamata mu ɗaga murya. Duk shekara in za a ƙulla yarjejeniya da kamfanonin jigila, a fito a gaya wa maniyyata jirage nawa kamfanin ya ajiye na ko-ta-kwana, kuma nawa zai biya idan ya bar tsofaffinmu suka kwana uku a sansani.