Yadda ake auna saurin ilektiron ba tare da agogo ba

Hadiza: Masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Malam Sani ne baƙonmu, ga Usman kuma. Malam, atosakan ɗin nan da ya kai Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier ga kyautar Nobel a 2023, mene ne shi?

Malam Sani: Ki raba daƙiƙa gida biliyan, ki ɗauki kaso ɗaya ki sake raba shi gida biliyan. A irin wannan ɗan taƙin ne ilektiron, wato ɗan ƙanƙanin abu mai ɗauke da cajin lantarki, ke kai-kawo cikin ƙwayar zarra.

Usman: To wane agogo ne zai kama wannan, Malam?

Malam Sani: Babu shi. Nan fa dabarar take burge ni. Sai a harba walƙiyar eksire gajeriya ta fizge ilektiron daga zarra, a daidai lokacin da hasken leza ke ratsa wurin. Ƙarfin lezar nan hawa yake yana sauka, don haka turin da zai yi wa ilektiron ya danganta da lokacin da ya fito. Idan ka auna gudunsa, ka san lokacin fitarsa.

Hadiza: Ashe gudun ne agogon!

Malam Sani: Sadaƙta. A 2010 ayarin Krausz a Jamus ya gwada da iskar niyon, da walƙiyar da ba ta kai eksire ƙarfi ba. Da yake ilektiron zagaye-zagaye suke a kewayen cibiyar zarra, suka ga na wani zagaye yana makara wajen fita da kusan atosakan 20 bayan na wani zagayen. Lissafin masana kuwa bai kai haka ba, aka yi shekaru ana muhawara. Sai a 2017 ayarin L'Huillier a Lund ta ƙasar Sweden ya nuna cewa wasu ilektiron ne da suka girgiza 'yan'uwansu wajen fita suka gurɓata awon farko.

Usman: Me ya sa ake neman eksire ɗin kansa?

Malam Sani: Shi ke isa ga ilektiron na can ciki, kusa da cibiya, kuma kowane sinadari da irin ƙarfin da yake amsawa. Da injin LCLS na Kalifoniya mai harba walƙiyar eksire, wanda ya fara aiki a 2009, kana iya taɓa zarrar oksijin kaɗai cikin ƙwayar sinadari, ka bi inda cajin ya nufa kafin sauran zarrori su motsa.

Hadiza: Usman, riƙe sauran tambayarka sai mun dawo daga hutu.