Ɗan dagaji da ƙwararre a gasar kamun kifi: wa ke da rabo?

Jama'a barkanku da war haka. Duk wanda ya saba zuwa tafkin Madarunfa, nan kudu da Maradi, ya san masu neman kifi iri biyu ne a bakin ruwan. Akwai masunci na gado, wanda kamun kifi ne cinsa da shansa, ya san inda tarwaɗa ke kwana da lokacin da karfasa ke tasowa. Akwai kuma malamin makaranta ko ɗan kasuwa da kan ɗauki fatsarsa ranar Lahadi, ya tona tana ya sa a gwangwani, ya zauna har la'asar. In ya samu ya gode Allah, in bai samu ba ya sha iska. To a ce an sa gasa an haɗa mutanen nan biyu, ɗan dagajin yana da rabo kuwa, ko kuɗin shiga kawai zai kai wa masu abin?

Amsar tana ga yadda ake ƙirga nasara, kuma duniya ta bi hanya biyu.

Ta farko a maƙwabta take, Argungu ta jihar Kebbi. Bikin kamun kifi na garin ya samo asali a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, aka rufe tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Ranar gasar, dubban maza ne ke jeruwa nesa kaɗan da kogin Matan Fada, kowa da homa da gora. Da an harba bindiga sai a kwasa da gudu a auka ruwa. Awa guda ake bayarwa, kuma wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne gwani. A 2020 kifin da ya ci gasar kilo 78 ne.

Ku lura da abin da dokar nan ta yi. Ta hana mai kuɗi shigowa da jirgi mai inji ko taru na zamani, kayan aikin kowa iri ɗaya. Sannan kifi guda tak ake nema, a ruwan da aka hana taɓawa duk shekara. Sarkawa sun fi kowa iya nutso da riƙe numfashi, wannan ba gardama, amma giwan ruwa ba ta tambayar asalin mutum kafin ta faɗa homarsa. Cikin awa ɗaya da cunkoso irin wannan, sa'a tana da babban kaso.

Hanya ta biyu ta Amurka ce, kuma a nan zan ɗan daɗe don tsarin yana da ban sha'awa. Wani mai suna Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a 1967 a tafkin Beaver na jihar Arkansas, daga nan ya kafa ƙungiyar masu kamun kifi da fatsa mai suna B.A.S.S. Kifin da suke bi sunansa bas, da fatsa kaɗai ake kama shi, galibi da koton roba ko na ƙarfe. Yau akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai shiga irin wannan gasa, kamfanoni na biyansu su sa tambarinsu a riga.

A wasu gasannin Amurka na matsakaicin mataki, ɗan dagaji yana biyan kuɗin shiga da bai kai na ƙwararre ba, kuma ba sai yana da jirgi ba. Daren jajibiri ake jefa ƙuri'a, a haɗa kowane ɗan dagaji da ƙwararre ɗaya. Da asuba su haɗu a bakin ruwa, wataƙila ba su taɓa ganin juna ba. Ƙwararren ne mai jirgi, shi ke tsaye a goshi, ƙafarsa kan ƙaramin injin lantarki da ke lallaɓa jirgin ba ƙara, idonsa kan allon na'urar da ke nuna masa ƙarƙashin ruwa. Shi ke zaɓen inda za a je da lokacin da za a tashi. Ɗan dagajin yana can baya, ba ya jefa fatsa ta gaban mai jirgi, sai ruwan da aka riga aka wuce. Kamar yaron mota ne: tafiya ɗaya da direba, amma sitiyari ba a hannunsa yake ba. In an dawo da yamma, al'ada ce ya miƙa wa mai jirgin wani abu na kuɗin mai.

Za ku ce ai an cuce shi. Ba a cuce shi ba, domin ba da mai jirgin yake takara ba. 'Yan baya da 'yan baya ake gwada su, da nasu jerin sunaye da nasu kyaututtuka. Abin da ya saya da kuɗinsa shi ne yini guda yana kallon hannun gwani daga taku biyu: wane koto ya ɗaura da rana ta take, me ya sa ya bar wuri bayan minti goma. Ƙwararru da yawa daga bayan jirgin wani suka fara.

Me ya sa ba a haɗa su a jeri ɗaya? Saboda ƙirgar. A manyan gasanninsu kifi biyar mafi girma mutum ke kawowa kowace rana, a auna, a tara nauyin kwana uku ko huɗu. Kuma da rai ake son kifin, shi ya sa jiragen ke da akwatin ruwa a ciki; wanda ya kawo matacce a rage masa nauyi, bayan awo kuma a mayar da su ruwa. Mutum na iya yin sa'ar ƙaton kifi sau ɗaya. Ya yi sa'ar guda goma sha biyar a jere kuwa, abu ne mai wuya.

An taɓa yi dai. Babbar gasarsu, Bassmaster Classic, wadda aka fara a 1971, tana ware 'yan gurabe ga waɗanda suka taso daga ƙananan ƙungiyoyin 'yan dagaji, kuma a nan kai tsaye suke karawa da ƙwararru. Bryan Kerchal, mai soye-soye a wani gidan abinci a jihar Connecticut, ya samu shiga a 1993 ya zo na ƙarshe. Ya dawo a 1994 yana ɗan shekara 23, ya doke su duka a tafkin High Rock. Wata biyar bai cika ba ya rasu a haɗarin jirgin sama. Har yau shi kaɗai ne ɗan dagajin da ya ɗauki kofin nan.

A ganina, in masu ruwa a nan jiharmu za su shirya gasar da ma'aikaci da ɗalibi za su shiga tare da masunta, kyauta biyu ta kamata a sa. Ɗaya ta kifi mafi girma, wadda kowa ke iya ci. Ɗaya ta jimlar nauyi, wadda masunta za su raba a tsakaninsu, kuma haƙƙinsu ne. A kuma hana kawo 'ya'yan kifi, don tafkin da ke janyewa da rani ba ya jure irin wannan kwasa.

Sai batun sikeli, inda rigima ke tashi ko'ina. A 2008 an karɓe kyautar wanda ya zo na ɗaya a Argungu bayan an gano kifin nasa mushe ne tun kafin a shiga ruwa. A 2022 kuma, a wata gasa a tafkin Erie na jihar Ohio, alƙalin awo ya ga kifin wasu mutum biyu ya yi nauyin da bai dace da tsayinsa ba. Ya sa wuƙa ya farke cikin a gaban jama'a, sai ga dunƙulen dalma suna faɗowa, har da yankan naman wani kifi da aka cusa. Mutanen nan biyu ba 'yan dagaji ba ne, sun sha cin gasa a baya. Kotu ta ɗaure kowannensu kwana 10, ta kuma ƙwace jirgin.