Bobi da kejinsa: abin da tsohuwar wayata ta nuna mini a Garwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ba kasuwa za mu shiga ba, ba kuma bakin kogin Binuwai ba. Muna tsakar gida, nan unguwar Rumde Ajiya a Garwa, arewacin Kamaru, ba nisa da filin ƙwallon da Super Eagles suka ci Masar ɗaya da nema a watan Janairun 2022. Wancan da kuke hangowa kwance a gindin darbejiya, harshe waje, shi ne Bobi.

Na san wani zai ce, Bakano da kare? Gadi yake yi mini, kwanonsa daban, kuma ba ya taka inda nake salla. To mun gama da wannan.

Wata Baturiya ce da ta gama aikinta a nan za ta koma Faransa, ta rasa yadda za ta yi da shi, aka haɗa mu. Ta bar mini shi da wannan kejin ƙarfen da katin allurar rigakafin haukan kare. Shekararsa kamar uku. Faransanci kaɗai yake ji, in na ce masa "zauna" sai ya bi ni da kallo kamar na zage shi.

Kullum da safe in kulle shi a keji in tafi shago. In na dawo da azahar, wari ne ke fara yi mini sannu da zuwa tun daga ƙofa. Kashi da fitsari a cikin kejin, ya kwanta a kai, ya birkiɗa. Ku dubi ƙarfen nan yadda ya lanƙwashe, da haƙori ya yi shi, har dasashinsa ya taɓa yin jini. Abin da ya ɗaure mini kai, in ina gida ko da kwana ne, ba ya taɓa ɓata wuri. Sai na yanke hukunci cewa da gayya yake yi. Na yi tsawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, rannan har silifas na ɗauka. Da ya gan ni sai ya maƙale a lungu, kunnuwa a kwance, ni kuma in ce ai ga shi nan, ya san laifinsa.

Baba maigadi ne ya tare ni wata rana, ya ce, "Alhaji, karen nan ba ƙazami ba ne. Tun kafin ƙarar babur ɗinka ta ɓace yake kuka, har makwabta sun fara magana." Washegari na jingina tsohuwar wayata a kan taga, na bar ta tana ɗauka, na fita.

Wallahi da na kalla sai jikina ya yi sanyi. Ashe tun ina ɗaukar makulli ya fara haki yana zagaye. Ina rufe ƙofa ya kama cizon ƙarfe, dalala na zuba kamar an buɗe famfo. Minti goma sha biyu da fitata ya saki fitsari, alhali na fitar da shi ya yi kafin in tafi. Mara a cike ba ta yin haka. Wannan tsoro ne, irin wanda ke sa mutum ma ya jiƙa wando.

Na kai shi wurin likitan dabbobi. Bai fara da zancen tsoro ba, sai da ya duba kashi da fitsari, domin tsutsar ciki ko ciwon mafitsara su ma suna sa kare ya kasa riƙewa. Ya ba shi maganin tsutsa, sannan ya yi mini bayani: kare ba ya son ɓata makwancinsa, in babba ya yi hakan lokacin da yake shi kaɗai kawai, firgicin rabuwa ne, kuma an fi ganinsa ga karen da ya sauya hannu. Maƙalewar da nake ɗauka kunya ce, ashe fuskata yake karantawa. Ba ya haɗa dukan azahar da fitsarin ƙarfe takwas na safe. Abin da na koya masa kawai shi ne dawowata ma abin tsoro ce. Akwai magani irin fluoxetine da likita kan rubuta in abin ya tsananta, yana ɗaukar makonni kafin ya fara aiki, amma mu ba mu kai can ba.

Na fara da kwance ƙofar kejin gaba ɗaya, ga ta can jingine. Na janye kejin daga ƙarƙashin rufin kwano zuwa inuwa, domin zafin Garwa a Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki.

Sai wasan makulli. In ɗauki makulli, in zauna in sha shayi. In sa takalmi, in cire. Sau goma a yini, har ƙarar ta daina nufin komai a wurinsa. Daga nan in fita daƙiƙa talatin in dawo, ba sallama, ba lallashi. Sai minti biyu, sai biyar. Hajiyar da ke makwabtaka da mu ta ga ina shiga ina fita, ta aiko yaro ya tambaya ko lafiya. Wata Juma'a na yi gaggawa, na bar shi awa guda, muka koma 'yar gidan jiya, sai da muka sake daga minti biyar. Shi ya sa yanzu in zan daɗe, Baba ke zama kusa da shi, na ƙara masa 'yan sefa. Mutumin da da ko kallonsa ba ya yi, yanzu shi ke yi mini faɗa in ruwan kwanon ya yi zafi.

Bayan sallar asuba mukan zaga unguwa, ya ci abinci da wuri, ya yi abin da zai yi kafin in fita. Wanki kuwa, kar ku zuba ruwan Javel, wato bilic, kai tsaye a kan fitsari, tururin da ke tashi yana cutar da ƙirji. Omo da ruwa tukuna, sai ruwan kal, sai a shanya a rana, domin in wari ya saura hancinsa zai mayar da shi wurin.

Mako na bakwai ke nan, mun kai minti 40 ba ɓarna. Yau za mu gwada 45, zan je in sayo burodi in biya ta wurin tela. Bari in jingina wayar. Ga makulli, ku saurara. Kun gani? Kunne ɗaya ya ɗaga, ya mayar da kai ƙasa. Baba, ka koma zaure, kar ya gan ka. Sai na dawo.