Ruwan Legas Ba Ya Saɓa Lokaci

HADIZA: Assalamu alaikum masu sauraro. Daga Agege muke, ni da Malam Audu da ƙanena Bashir. Malam, kai ka taso da zancen tsarin da ke cikin halittar Allah jiya a mota.

MALAM AUDU: Ƙwarai kuwa. Cunkoso ya tsare mu a gadar Third Mainland, ina ta leƙen masuntan Makoko. Da safe ruwa ya ja baya, ana ganin shatinsa a jikin turakun ɗakunansu. Da muka dawo ya cika taf. Kullum sau biyu yake yin haka, kuma kowace rana yakan jinkirta da kusan minti 50. Nan take na ce, wa ya sa masa wannan ƙa'ida?

BASHIR: Malam, ai wata ne ke jan ruwan. Tun 1687 masanin kimiyya Newton ya yi bayaninsa.

MALAM AUDU: Ban musa ba, Bashir. Yadda abin ke gudana ka faɗa mini. Tambayata ita ce, me ya sa duniya ke bin lissafi tun farko? Husufin rana na 29 ga Maris 2006, da duhu ya rufe Gusau da hantsi, masana sun faɗi ranarsa da mintinsa tun kafin ya zo. Abin da aka watsar kara zube ba ya lissaftuwa haka.

HADIZA: Ka tuna mini da labarin da ake bayarwa na Imam Abu Hanifa, da ya ce wa masu musu ya ga jirgin ruwa ya loda kansa, ya tuƙa kansa, ya sauke kaya ba matuƙi. Suka ce ba zai yiwu ba. Ya ce to, duniya fa?

MALAM AUDU: Je ki tashar jiragen ruwa ta Apapa ki faɗa wa 'yan dako haka, ki ji.

BASHIR: Ni na yi imani, kada masu sauraro su yi mini mummunar fahimta. Amma abokina a jami'a ya ce masanin halittu Darwin ya nuna tun 1859 yadda halittu ke dacewa da muhallinsu sannu a hankali. Sannan akwai abin da ya fi ci mini rai. Ɗan maƙwabcinmu mai sikila, na riƙe hannunsa a asibiti cikin dare yana kukan ƙasusuwansa. Yaya, ina tsari a nan?

HADIZA: Allah ya ba shi lafiya. Ni ma na ji kukan nan ta bango, ban yi barci ba. Amma ka duba, ita kanta sikila da ƙa'idarta. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Shi ya sa ake gwajin jini kafin aure. Kuma mai AS yana da wata kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Tsarin yana nan. Daɗinsa ne ba kullum muke ji ba.

BASHIR: To kenan tsari na nuna akwai mai tsarawa, amma bai gaya mini dalilin wahalar yaron ba.

MALAM AUDU: Bai gaya maka ba, kuma ba zan ɗora wa hujjar kayan da ba nata ba. Wannan babin ƙaddara ne da haƙuri, da wahayi muka san shi. Ka gayyato abokin nan naka mako mai zuwa, ina so in ji ta bakinsa.

BASHIR: Zan kira shi yau da dare, in sha Allah.