Na samu faifan da Yaya yake saurara, a Furnace Fest

Sannunku jama'a, barkanmu da warhaka, ku yi haƙuri da ƙarar da ke bayana, duk inda mutum ya tsaya a wajen nan sai ganga ta biyo shi. Yau ina Birmingham, ba ta Ingila ba, ta jihar Alabama a nan Amurka. Da sassafe na taso daga Atlanta, awa biyu da ɗan wani abu a kan titin I-20, kuma da ka tsallaka daga Jojiya zuwa Alabama agogo yana komawa baya da awa ɗaya, shi ya sa na iso tun ba a buɗe ƙofa ba.

Bari in juya muku kyamara ku gani. Kun ga waɗannan dogayen bututun da tsatsa ta cinye, da tankunan nan kamar rumbunan ƙarfe? Sunan wajen Sloss Furnaces, tsohuwar masana'antar narka ƙarfe ce, ta yi aiki daga 1882 har 1971, yanzu an mai da ita wajen tarihi. Yawancin waɗanda suka sha wuta da gumi a nan baƙaƙen fata ne, kuma aiki ne mai haɗari sosai, ina shigowa abin da ya fara zuwa raina ke nan. A nan ake yin Furnace Fest, bikin kiɗa da waƙoƙi. Wani mutum mai suna Chad Johnson, mai kamfanin faifai na Takehold Records, shi ya fara shi a 2000, aka yi har 2003 sai aka daina, sai a 2021 ya dawo. Kuma in gaya muku gaskiya tun yanzu kada wani ya ce na ruɗe shi, ba taron coci ba ne, ba duk masu hawa dandamali ne Kirista ba, amma tushensa yana haɗe da mawaƙan metal da hadko (hardcore) na Kirista, wato masu kiɗan jita da ganga mai ƙarfi da waƙa cikin ihu, shi ya sa in kana neman faifansu nan ne kasuwa.

Ni dai yau ba kallo ne ya fi kawo ni ba, sayayya ce. Dala 120 na ware, na sa a aljihun gaba, na ce wa kaina in ta ƙare ta ƙare.

To ga layin rumfunan. Kashi biyu ne, akwai teburan mawaƙan da kansu inda ake tara riguna da faifai sababbi, sannan akwai masu sayar da tsofaffin kaya, su ne nawa. Ku dubi akwatunan nan, CD ne jere kamar an shirya bulo, ga kaset a gefe, ga faifan garmaho a tsaye cikin kwali. E faifan garmaho, irin wanda kakanninmu suka sani, a nan ya dawo da ƙarfinsa, matasa ma shi suka fi rububi. Amma ga shawara ga duk mai zuwa: kada ka sayi garmaho da rana ka kai mota ka ajiye, zafin Alabama ba wasa ba ne, kafin yamma zai lanƙwashe kamar faifan murfin tukunya da ya sha ruwa. Ko ka bari sai dare, ko ka roƙi mai rumfar ya ajiye maka a inuwa bayan ka biya. Matsalar jira kuma ita ce abin da kake so yana iya ƙarewa, don wasu kwafi kaɗan ake bugawa.

Yadda nake duba tsohon CD kuwa, ku gani, ina buɗe shi, in ɗaga bayansa wajen haske in karkata, in ga ko akwai ƙarzuwa mai zurfi. Ƙananan layuka ba komai. Amma abin da na fi dubawa shi ne ɗan littafin da ke ciki, in babu shi ba na saye ko nawa ne, zan gaya muku dalili yanzun nan.

Wannan na farko da na ɗauka, Strongarm, sunan albam ɗin The Advent of a Miracle, na 1997, 'yan Florida ne. Irin waƙar da a lokacin ake kira hadko mai cike da Ruhu. Dala 10. Na biyu War of Ages, Arise and Conquer, 2008, 'yan garin Erie ne a Pennsylvania, kamfanin Facedown ne ya fitar, wanda Jason Dunn mai kaɗa wa rukunin mawaƙa na No Innocent Victim ganga ya kafa a Kalifoniya. In kana sabo a harkar nan sunaye biyu za ka riƙe a bayan faifai, Facedown da Solid State. Solid State reshe ne na kamfanin Tooth & Nail da Brandon Ebel ya kafa a 1993, kuma kusan rabin akwatin nan tambarinsu ne a jiki. Na ga Extol na Norway ma, Undeceived, 2000, na riƙe shi na ajiye na sake ɗauka, ƙarshe dai ya shiga jaka.

Akwai wani da mai rumfar ya sa a cikin leda a bayansa ba ya cikin akwati, Horde, Hellig Usvart, 1994. Mutum ɗaya ne ya yi shi gaba ɗaya, Jayson Sherlock ɗan Ostireliya wanda ya taɓa kaɗa wa Mortification ganga, ya ɗauki salon da aka sani da zagin addini ya juya shi ya yi wa Almasihu waƙa da shi. Na tambayi kuɗin, ya faɗa, na gode masa na mayar. Ya fi ƙarfin aljihun gaba.

Nan ba kamar kasuwar Taminus a Jos ba ce da za ka ce albarka a yi ta ja, farashi a rubuce yake a jiki. Amma in ka haɗa uku ko huɗu ka tambaya cikin ladabi, masu tsofaffin kaya sukan rage maka wani abu. A teburin mawaƙa kuwa ni ba na neman ragi, kuma ina roƙon kowa kada ya nema. Ɗazu na tsaya wajen wasu yara, ƙaramin rukuni ne ko sunansu ban taɓa ji ba sai yau, mai waƙar da kansa ne ke tsaye yana sayarwa, rigarsa jage-jage da gumi, muryarsa ta dishe ko magana da ƙyar yake yi. Ya ce a motarsu suke kwana, abin da suka sayar a teburin nan shi ne man da zai kai su gari na gaba. Abin da ake biyansu in ka saurara a intanet bai taka kara ya karya ba. Na sayi CD ɗinsu dala 15, ya sa min hannu a kai, ya tambaye ni daga ina, na ce Nijeriya, sai ya ce ko akwai abin da zai sa min a addu'a. A tsakiyar hayaniyar nan fa. Na ce ya tuna da mahaifiyata, ya dafa kafaɗata ya yi gajeriyar addu'a a take, na ce amin.

To yanzu ku matso, ga abin da ya sa na kunna kyamara yau.

Ku dubi wannan. Living Sacrifice, Reborn, 1997, Solid State. 'Yan Little Rock ne a jihar Arkansas. Kwalinsa ya tsage a kusurwa, kun gani, ban damu ba. A akwati na huɗu na same shi can ƙasa, hannuna ma rawa ya riƙa yi, mai rumfar ya ce lafiya dai, na ce lafiya lau, kawai na daɗe ina nemansa ne.

Ina ƙarami a Jos, yayana yana da wani kaset na wannan albam ɗin. Wani abokinsa ɗan mishan da ke karatu a makarantar Hillcrest ne ya kwafa masa, ba kwali ba hoto, sunan kawai aka rubuta da biro a jikin farar takardar. Ɗaki ɗaya muke kwana, da dare sai ya sa a ƙaramar rediyonsa ya rage murya sosai, in batir ya fara mutuwa muryar mai waƙar ta ƙara yin ƙasa ta ƙara ban tsoro, in kaset ya harɗe ya sa biro ya naɗe. Ranar da Mama ta ji ta ce, wannan wane irin abu ne kake ji a gidana, ai wannan ihun aljanu ne. Yaya ya ce Mama wa'azi suke yi. Ta ce wa'azin da ba a jin ko kalma ɗaya? Kuma ba laifinta ba ne, mace ce da ta tashi a zumuntar mata da littafin waƙoƙi da tulu da kacau-kacau, waƙa a wajenta ita ce wadda kowa zai iya amsawa. Yaya ba shi da abin da zai nuna mata, shi kansa kalma ɗaya biyu yake tsinta. Ya dai yarda ne da abin da abokinsa ya gaya masa.

Yaya ya rasu ina aji uku a sakandare, rashin lafiya ce ta 'yan kwanaki. Kaset ɗin ya ɓata a cikin kwashe kaya. Kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, a ranar jana'izarsa an yi waƙoƙi masu daɗi na ta'aziyya da bege, kowa yana ce min ka yi haƙuri, ka yi ƙarfin hali, kai ne namiji yanzu, ni kuwa abin da nake so in yi shi ne ihu. In buɗe baki in yi wa Allah ihu, ba don na bar shi ba, don shi kaɗai ne zan iya yi wa. Ban san akwai wajen wannan a cikin bangaskiya ba sai daga baya da na zauna da Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare a cikin duhu ba tare da an share hawaye ba, da Littafin Makoki, da Ayuba. Ashe suna nan a cikin Littafi Mai Tsarki tun da can, mu ne ba mu cika karanta su da ƙarfi ba. Waƙar nan da mutane ke jin ta kamar hayaniya, ni abin da nake ji a cikinta ke nan.

Na san za ku ce ai tana intanet, me ya hana ka saurara tuntuni. Na saurara, sau ba adadi, kalmomin ma suna nan in ka nema. Amma ban taɓa yarda na karanta su a waya ba. Na riƙa cewa sai na riƙe ainihin abin a hannuna, littafin da Yaya bai taɓa gani ba. To ɗazu na samu inuwa a ƙarƙashin wancan babban bututun, na zauna a kan siminti na buɗe shi, na karanta daga farko har ƙarshe. Maganar sabuwar haihuwa ce, irin ta Yohanna sura 3, da maganar ƙin ƙaryar Shaiɗan, a fili ba kwana-kwana. Yaya yana da gaskiya. Wa'azi suke yi. Na ɗauki hoton shafukan na tura wa ƙanwata a WhatsApp na ce ta karanta wa Mama ta fassara mata da Hausa, ta kuma ce mata wannan shi ne kaset ɗin nan na Yaya.

Wani abu kuma da ya kamata in faɗa saboda masu tambayata a saƙo, wai wane rukuni ne na Kirista wane ne ba na Kirista ba. Ba tambari kawai za ka duba ba. Ga Zao nan, Where Blood and Fire Bring Rest, 1998, yana cikin manyan albam na wannan fanni, amma su Zao sun daɗe da daina kiran kansu rukunin Kirista. Underoath ma haka, waɗanda Takehold ta fitar da faifansu na farko, Define the Great Line ɗinsu ya shiga a lamba 2 a jerin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka a 2006, daga baya suka fito suka ce a daina kiransu da wannan suna. Abin yakan taɓa min zuciya, amma ba zan jefe su da dutse ba, mutane ne, tafiyar bangaskiya tana da hawa da gangara, ina musu addu'a kamar yadda nake so a yi min. Abin da suka rera a wancan lokacin da zuciya ɗaya suka rera shi, shi ya sa na sayi na Zao ɗin ma, kuma shi ya sa nake cewa ku riƙa buɗe littafin ku karanta da kanku, albam bayan albam.

In za ku zo, ku taho da abin toshe kunne, wannan ba shawara ba ce dole ce, ga nawa a wuya. Ku sha ruwa da yawa. Filin da ke gaban dandamali inda ake ture-ture yana da ban tsoro daga nesa, amma na gani da idona ɗazu wani ya faɗi, kafin ya kai ƙasa sosai hannu huɗu sun ɗaga shi. In kana da jakar faifai dai ka tsaya can baya, kwalin CD ba ya jure turereniya.

Lissafi yanzu: Strongarm, War of Ages, Extol, Zao, na yaran nan, da Reborn, guda shida, saura dala 38 a aljihu. Gobe zan koma wajen mai kaset, na hango wani akwati da ban taɓa ba. Tsohuwar motata har yanzu tana cin CD, to a hanyar komawa Atlanta kun san wanda zai fara shiga.

Ku dakata, waya ce ke ƙara. Ƙanwata ce, kiran bidiyo, kuma ga ɗankwalin Mama nan a gefen hoton. Bari in nemi inda ba ƙara in ɗauka, sai anjima jama'a.